Gwangwanin da Na Jefar a Hanyar Damagaram

Mun tsallake iyaka a Maigatari ranar Juma'a da hantsi, washegarin kasuwa, ni da surukina a mota ɗaya. Wanda bai taɓa yin doguwar tafiya da uban matarsa ba, ba zai gane irin wannan ɗaurin ba. Shi yana gidan gaba, ni ina can baya a matse tsakanin wata mata mai buhun barkono da wani mai sayar da tsofaffin batura. Shekarata biyar da auren 'yarsa Hajara, amma ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ban san launin ƙwayar idonsa ba. Baba nake ce masa, shi ma ɗin a ƙasan maƙoshi.

Sana'ata haɗa sola, shagona yana Gumel. Baba kuwa mutumin Sule Tankarkar ne, ya tsufa a fataucin raƙuma tsakanin arewa da kasuwar Maigatari. Wani amininsa da ke gaba da Tanut, Malam Agali, ya haƙa rijiyar burtsatse yana neman wanda zai haɗa masa famfo mai sola. Baba ya ce da shi, "Ina da yaro." Wannan ne yabo mafi girma da ya taɓa yi mini, shi ma a bakin Hajara na ji. A lokacin tana gidansu tana wankan jego, ta haifa mana 'ya mace, saura kamar sati uku a mayar mini da ita.

Akwai abin da Baba bai sani ba. Ɗanmu na fari ya rasu yana ɗan wata takwas, bayan nan sai na zama wani iri. Ba na buɗe shago, ba na son magana, abinci sai an yi da gaske. Wani abokina ya ja ni asibiti da ƙyar, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni a kan wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya. Na fi shekara ina sha, na dawo hayyacina, aiki ya miƙe. Likitan ya sha gaya mini cewa kada in kuskura in daina farat ɗaya, in lokaci ya yi shi zai rage mini a hankali. Na ji, amma irin jin da ake yi wa gargaɗin direba a tasha.

A wurinmu duk wanda aka gani a sashen asibitin da likitan nan yake, an gama da shi, mai taɓin hankali ne. Don haka na sa Hajara ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Da tafiya ta taso, na yi tunanin ɗaki ɗaya za a iya sauke mu, Baba ya ga kwali da rubutu ya ba wani ya karanta masa. Sai na yi dabara irin ta masu wayo. Na ɓare maganin wata guda daga takardarsa, na zuba a wani tsohon gwangwanin man zafi, na bar kwalin da katin asibitin a gida. Har yabon kaina na yi a ranar.

A wani shinge kafin Dungas aka tsayar da motar da ke gabanmu. Jandarmomi suka sauke wani magidanci, suka zazzage jakarsa, sai ga ƙwayoyi a ƙulle cikin leda. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga sun zaunar da shi a ƙasa sun cire masa takalma. Mai baturan da ke kusa da ni ya ce a nan ƙasar ko maganin ciwon kai ne, in ba ya cikin kwalinsa, sai ka yi bayani a Damagaram. Na hango kaina zaune a ƙasa ba takalmi, Baba yana kallo. Na zura hannu a aljihu, na fito da gwangwanin, na sake shi ta taga cikin ciyawa. Da na ɗago, sai na ga fuskar Baba a madubin gefe, kuma ni yake kallo.

Abin haushin, da aka zo kanmu katin shaida kawai suka duba suka ce mu wuce.

Ya kamata in faɗi wani abu game da Baba. Yayar Hajara ta taɓa auren wani ɗan acaɓa a Gagarawa. Da Baba ya tabbatar mijin yana shan ƙwaya, da kansa ya je ya ɗauko ta, ya ce gara ta tsufa a gabansa. Manya sun sa baki, bai janye ba. To yanzu ga shi ya ga ɗaya surukin yana jefar da gwangwani a bakin shingen jandarmomi. Ko ni ne a matsayinsa, abin da zan zata ke nan.

A Damagaram muka yi kwana uku muna jiran motar da ta ɗauko farantan sola. Kwana biyun farko garau nake. Na zaga kasuwa, na ci kilishi a ɓoye, har ina ce wa raina ashe na warke tuntuni, likita ne ke ja mini rai. A rana ta uku da safe ina alwala, na juya ido zan ɗauki buta, sai na ji wani abu ya ja ni a cikin kai, zit. Ni mai aikin wuta ne, na san jan lantarki, ya sha kama ni a yatsa. Wannan irinsa ne sak, sai dai a tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma babu waya a kusa. Na duba ƙasa, na duba bango, na taɓa butar da bayan hannu. Babu komai.

Tsoro ya zo, amma gaskiya son sani ya riga shi. Na zauna a bakin masallaci ina gwada kaina kamar yadda nake gwada layin da ya lalace. In na juya kai gaba ɗaya a hankali, shiru. In na bar kai a tsaye na wurga ido gefe, zit. Sama da ƙasa ba ya yi sosai, hagu da dama ne abin. Wani tsoho da ke lazimi kusa da ni ya daɗe yana kallona ina ta wurga ido, daga baya ya ja buzunsa ya matsa.

Da na gane daga ina abin ya fito, na nufi wani babban kantin magani. Ma'aikaciyar ta tambaye ni sunan maganin, na faɗa yadda nake jin likita yana faɗa, ta sa na maimaita sau uku ba ta gane ba. Ta ce ko ta gane ma, irin wannan ba a bayarwa sai da ordinas, wato takardar likita. Ina fitowa wani mai fara'a da jar hula ya tare ni, ya ce ya ji komai, ƙaninsa yana aiki a babban asibiti, yanzun nan zai karɓo mini. Na ba shi abin da ya nema. Ya kai ni ƙofar wani gida ya ce in jira, ya shiga. Na jira har aka kira azahar, sannan wata mata ta leƙo ta ce ai wannan ba gida ba ne, lungu ne, yana ɓullewa ta bayan tasha.

Daga Damagaram zuwa Tanut a bayan motar kaya na zauna tare da farantan, wai don in kula da su. Gaskiyar ita ce amai nake ji, kuma ba na son Baba ya gani. Jiri ya fara, irin wanda ƙasa ke zamewa gefe ɗaya. Zufa ta jiƙa rigata, ga sanyi a ƙashi kamar mai shirin zazzaɓi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hawaye. Mun wuce wata jaka da ɗanta suna tsaye a inuwar aduwa, kawai sai na fashe da kuka, ina kukan ina tambayar kaina me jakin ya yi mini. Can kuma direba ya taka burki da ƙarfi, na ji kamar in sauka in shaƙe shi, ni da ko kaza ba na iya yankawa sai na kau da kai.

A Tanut wata dattijuwa mai fura ta ga yadda hannuna ke rawa, ta dama mini mai ruwa-ruwa ba yaji, ta ƙi karɓar komai. Ta ce ɗanta ma yana can Najeriya, ba ta san wa ke dama masa ba. Furar ta tuna mini da gida har na rasa inda zan sa kaina. Na yi kewar ƙarar babura masu ƙafa uku a bakin shagona, da muryar ladanin unguwarmu da kullum nake ƙorafin kaushinta. Na koma bayan wata rumfa na kira Hajara na gaya mata komai. Ina jin jaririyar tana ƙananan koke-koke a kusa da ita. Sai ta ce, "Ka faɗa masa mana. Ko ka sake ni daga rantsuwar nan in faɗa wa Inna ta faɗa masa." Na ce a'a. A ganina a lokacin, ɗan ƙwaya yana iya tuba a yafe masa, amma wanda aka sa wa sunan hauka har jikokinsa za a riƙa nunawa.

Garin Malam Agali bai wuce gidaje talatin ba, rijiyar tana gefe, dabbobi na kewaye da ita tun safe. Saboda awaki da raƙuma, a saman ƙarfen da ke ɗauke da tanki za a ɗora farantan, tsayinsa ya kai na bene. Kwana biyu na yi ina aikin ƙasa, ina jan waya, ina haɗa akwatin famfo, ina ƙirƙiro dalilan da za su hana ni hawa. Barci kuwa ya zama kallo. Kowace safiya na tashi da mafarki a kaina mai launi da ƙamshi, har sai na zauna na tantance wanne ne ya faru da gaske. Rannan na yi mafarkin raƙuman Baba suna layi a shagona kowanne yana son a yi masa cajin waya.

Na ci gaba da bincikena. Na lura in na sha shayin Buzaye mai ƙarfin nan, rawar hannu tana ƙaruwa, sai na koma karɓar kofi na uku kawai, wanda ya salance. In na ci abinci kaɗan-kaɗan, aman yana lafawa. Tafiya a ƙasa da sanyin safiya tana rage jirin. Idan kukan ya taso, na gano ba ya wuce kamar minti goma in ban yi kokawa da shi ba, sai in tafi bayan tanki kamar mai duba waya in bar shi ya yi abinsa. Jan wutar ne dai ban samo masa makashi ba.

Baba bai ce mini komai ba, don suruki ba ya tuhumar suruki baki da baki. Sai dai gaisuwata da yake amsawa da "Lafiya lau, madalla, an tashi lafiya?" ta koma "Lafiya." A rana ta uku Malam Agali ya same ni ina ɗaure waya. Dogo ne, rawaninsa ya rufe rabin fuska, Hausarsa a hankali take fita. Ya tsuguna ya ce abokinsa ya ce a tambaye ni abin da na jefar a hanya. Na ce gwangwanin man zafi ne. Ya jinjina kai, ya ce to, ya kamata dai in sani, jiya abokin nasa ya hau tudun da waya ke kamawa ya buga gida, ya ce kada a haɗa wa Hajara kayan komawa sai ya dawo.

Wannan maganar ce ta hau da ni ƙarfen. Na ce bari in nuna musu lafiyata ƙalau. Na ɗaura igiya a ƙugu, Allah Ya taimake ni na ɗaure ɗaya bakin a jikin ƙarfe, na hau har sama. Na ɗaure faranti na farko lafiya. Ina kan na biyu wani ya yi magana daga ƙasa, na wurga ido in ga ko wane ne. Wutar ta ja ni sau uku a jere, tanki da sama da raƙuma suka juya, ƙafata ta zame. Na farfaɗo ina lilo a jikin igiya, goshina yana zubar da jini, maza huɗu suna ƙoƙarin sauko da ni.

A amalanken jaki aka kai ni likita, haka suke kiran ƙaramin asibitinsu, a wani gari da ke kusa. Baba ya biyo mu a ƙafa. Shugabar wurin, wadda suke ce wa majo, wata mata ce gajera mai tabarau, ba ta da lokacin wasa. Ta ɗinke goshin, ta auna ni, ta ce ba zazzaɓi ba ne. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya yi magana, da Malam Agali yake yi amma don kowa ya ji. Ya ce a tambayi likita ko akwai awon da ke nuna mai shan ƙwaya.

Majo ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kana shan wani abu?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kalli ƙasa na ce ina sha, amma likita ne ya ba ni, kuma yau kwana takwas rabona da shi. Ta tambayi sunansa. Na kira Hajara na ce ta duba ƙarƙashin katifa, ta ce ai ba ta gida, na manta? Sai da aka tashi ƙanena ya je ya fasa kwaɗon ɗakina, ya ɗauki hoton kwalin da katin ya turo. Asirin da na ɓoye wa mutum ɗaya, a yini guda mutum biyar suka sani.

Majo ta daɗe tana kallon hoton. Ta tambaye ni ko ina jin kamar wuta tana ja na a kai, na kusa rungume ta don murna, domin ita ce mutum ta farko da ta san da zancen. Ta tambaya ko tunanin cutar da kaina yana zo mini, na ce a'a, ta ce in ya zo in faɗa a take, ba kunya a nan. Sannan ta juya wajen Baba, ta yi masa magana kai tsaye, abin da ni ban taɓa yi ba.

"Baba, wannan ba ƙwayar maye ba ce, kuma ɗanka ba mahaukaci ba ne. Baƙin ciki ne ya kwantar da shi, aka ba shi magani, kamar yadda ake ba mai hawan jini. Jikinsa ya saba, ya yanke shi rana ɗaya, shi ne jikin ke ƙara. Wanda ya sa shi ya ɓoye, shi ya kusa kashe shi."

Ba ta san da wa take ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya sa takalmansa ya fita.

Ta rubuta takarda, ta ce maganin sai Damagaram. In an samo in koma kan yadda nake sha, in na isa gida in je wurin likitana, shi ya san yadda zai sauke ni mataki-mataki. Kafin nan ba hawa sama, ba tuƙi, in yawaita shan ruwa. Na gaya mata abubuwan da na gano game da shayi da tafiyar safe, ta yi dariya ta ce da na yi wa likitana biyayya rabin yadda na yi wa bincike, da ban sha ɗinki ba.

Washegari da na je gaida Baba, babu shi. Malam Agali ya ce ya bi motar asuba, kuma ya karɓi takardar majo. Ban san ko Damagaram ya nufa ko gida ya wuce don ya gama abin da ya fara ba, Malam Agali ma ya ce bai sani ba. Kwana biyun da na yi ina jiransa sun fi duk sauran tsawo. Ina zaune a kan turmi da ɗaurin goshi, ina nuna wa mazan garin yadda za su ɗaure farantan, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, kunnena yana kan hanya. Famfon ya kawo ruwa a yini na biyu da la'asar, mata suka yi ta guɗa, ni kuwa ko daɗin kirki ban ji ba.

Ana cikin haka Baba ya sauko daga bayan wata motar gawayi, rigarsa ta yi baƙi ƙirin. Daga baya na ji kantuna shida ya shiga, mutumin da bai iya karatun boko ba, yana miƙa takarda. Ya ba Malam Agali leda, Malam Agali ya taka taku uku ya ba ni. Maganin ne, a cikin kwalinsa. Kwana biyu da komawa kansa wutar ta ɗauke, jirin ya bi ta. Sai bayan shekara guda likitana ya sauke ni daga maganin, a hankali cikin watanni, kuma ban ji ko rabin abin da na ji a tafiyar nan ba.

Har muka kamo hanyar gida Baba bai ce komai game da Hajara ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. A tashar Maigatari za mu rabu, shi ya nufi Sule Tankarkar ni Gumel. Na cire takalmi na durƙusa na yi masa sallama. Ya amsa, amma bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon wata motar shanu da ake lodi, ya yi gyaran murya.

"Akwai wani dattijo da na sani," in ji shi. "Tun da ƙaninsa ya rasu a hannunsa a hanyar arewa, shekara huɗu ke nan, abinci ba ya masa daɗi. In ya sayar da dabba da riba, ba ya jin komai. Yana ganin tsufa ne. Likitan nan naku, yana duba tsofaffi?"

Na san ƙanin, baffan Hajara ne, na je ta'aziyyarsa. Na ce wa ƙasa, "Yana dubawa, Baba. Ranar Talata ake ganinsa. In dattijon ya zo Gumel da safe, akwai wanda zai raka shi."

Ya ce to, zai gaya masa. Ya hau mota.

Ranar Talata da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gidana. Hajara ce ta fara fitowa da jaririya a kafaɗa, sai gwaggonninta biyu, sai aka shiga sauke buhun gero da tulun man shanu. Rakiyar mai jego aikin mata ne, ban taɓa ganin uba ya biyo ba. Amma ga Baba a gidan gaba, da sabuwar riga da hula, ya ƙi fitowa, yana ce wa direba shi kasuwar hatsi ya zo. Na shiga na ga 'yata, na ɗauko katina na asibiti, na zagaya na buɗe masa ƙofa.